Shugaban Ƙasa da Wasan Kwaikwayo a Talabijin ɗin Ghana

Ran 31 ga Yuli 1965 ne Kwame Nkrumah ya buɗe gidan talabijin na Ghana a Accra, birnin da mu mutanen Zango muke kira Ankara. Rediyo kuwa ya riga shi da shekara 30, gama tun 1935 Gwamna Arnold Hodson ya kafa tashar ZOY, daga baya har Hausa ta shiga cikin harsunan da ake watsa labari da su. Amma murya daban take da fuska. Da rediyo mutum yana jin shugaba ne kawai, ya siffanta shi a zuciyarsa yadda ya ga dama. Da talabijin kuwa sai shugaban ya shigo tsakar gida, a ga tufafinsa, a ga tafiyarsa, a ga wanda ya rusuna masa. Nkrumah ya san wannan sarai. Ya danƙa ragamar sabon gidan ga Shirley Graham Du Bois, matar masanin nan baƙar fata na Amurka wanda ya rasu a Ghana a 1963, ya kuma faɗa a jawabinsa cewa an kawo talabijin ne domin ilimi da gina ƙasa, ba domin wasan banza ba.

Abin da nake so mu duba, 'yan'uwa, shi ne yadda wasan kwaikwayo a wannan akwati ya nuna mana mai riƙe da ƙasa tun daga ran nan. Wanda ya bi tarihin zai tarar da abin mamaki. An nuna fasto, an nuna sarkin ƙauye, an nuna ɗan sanda da 'yar kasuwa da maigadi, amma shekaru masu yawa ba a ga ɗan wasa ya hau kujerar shugaban ƙasa ba. Shugaba na labarai ne, ba na wasa ba.

Al'adunmu ba haka suke ba tun asali. A Techiman, nan arewa da Kumasi, akwai bikin Apoo, inda ake ba talakawa kwanaki su faɗa wa sarki da fadawansa laifofinsu cikin waƙa, ba kuwa a kama kowa. Tonawa suna da tatsuniyoyin Ananse, gizonsu ke nan, waɗanda ake sa wa manya suna a cikinsu ta bakin dabbobi. A ƙasar Hausa ma kakanninmu sun baro wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa, da kalankuwa, inda samari suke naɗa nasu sarakuna bayan kaka, da tashe na watan azumi. Duk waɗannan suna da abu guda: an yarda cewa mai mulki yana bukatar ranar da zai ga kansa yadda mutane suke ganinsa.

Kafin talabijin, 'yan wasan yawo da ake kira Concert Party su ne suka riƙe dandali a ƙasar nan. Suna bin garuruwa a mota, su kafa fitila, su yi kiɗan highlife da wasa har tsakar dare. Da yawansu sun goyi bayan Nkrumah a lokacin neman 'yanci. Ƙungiyar Axim Trio ta yi wasa mai suna Kwame Nkrumah Will Never Die, wato Nkrumah ba zai mutu ba har abada. Bayan samun 'yanci a 1957 gwamnati ta ɗauki waɗansu 'yan wasan aiki a ƙarƙashin Workers Brigade, suna cin albashi. Mai cin albashin sarki kuwa ba ya yi wa sarki habaici.

A wannan zamani an kai siffar shugaba wani matsayi da ya tayar wa ikilisiya hankali. Hoton Nkrumah yana kan kuɗi da kan sarki na wasiƙa. Ana kiransa Osagyefo, ma'ana mai ceto a fagen yaƙi. An kafa gunkinsa a gaban majalisa, aka rubuta kalmomi a gindinsa waɗanda aka juya daga Matiyu 6:33, aka sa mulkin siyasa a gurbin Mulkin Allah. Majalisar Kirista ta Ghana ta yi ƙorafi. A 1962 Bishop Richard Roseveare na Anglican a Ankara ya soki ƙungiyar yara ta Young Pioneers saboda abin da ake koya musu game da shugaba, sai aka kore shi daga ƙasar a watan Agusta, ko da yake an bar shi ya komo bayan 'yan watanni. Mu a Zangon Kumasi mun riga bishop ɗin ɗanɗana wannan. Tun 1957 aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden zuwa Nijeriya saboda suna cikin jagororin jam'iyyar Musulmi mai hamayya da gwamnati, har majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu domin kada kotu ta hana. J. B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a Fabrairu 1965, wata biyar kafin a kunna talabijin. Wane ɗan wasa ne zai sa hular shugaba ya yi barkwanci a irin wannan yanayi?

Nkrumah bai ci moriyar akwatin nan ba ko na wata bakwai. Ran 24 ga Fabrairu 1966, yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, soja da 'yan sanda suka hamɓare shi. Aka ture gunkin, kansa ya rabu da jikinsa. Gidan watsa labarai da ya yi ta yabonsa jiya, shi ne ya yi ta zaginsa washegari, da ma'aikata kusan iri ɗaya. Tun daga nan kowane mai juyin mulki ya gane cewa gidan GBC ne wurin da ake fara kamawa.

Zan tsallake zamanin Busia da sauri, ko da yake Zango ba zai manta da shi ba. Dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969 ta ba mutane mako biyu su tattara nasu ya nasu, gidaje da yawa a Aboabo da Sabon Zango suka rabu da 'yan'uwansu. Ban taɓa jin tsofaffinmu sun ambaci wani wasa a talabijin da ya nuna wannan baƙin ciki ba.

Inda zan daɗe shi ne zamanin Kanar Ignatius Kutu Acheampong, wanda ya karɓi mulki ran 13 ga Janairu 1972. A wannan shekara ce aka fara wasan Osofo Dadzie, wasan da har yau tsofaffi suke ba da labarinsa kamar jiya. Da Tonanci ake yinsa. Joris Wartenberg ne mai rubutawa, Frimpong Manso shi ne faston, ga S. K. Oppong, ga Super OD mai sa mutane dariya har hawaye. Osofo ma'anarsa fasto. A lokacin talabijin ba ta yawaita ba, gida ɗaya a layi ne yake da ita, baƙi da fari. In lokacin wasan ya yi sai a fito da akwatin tsakar gida, yara su zauna ƙasa, manya a kan benci, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bamoshe da Bafrafra, kowa yana ji da Tonancin da ya koya a kasuwa.

Tsarin wasan ba wuya. Wani ya yi ƙarya, ko ya ci amanar matarsa, ko ya karɓi hanci, ko ya ɓoye kaya domin tsada. Rigima ta kaure. A ƙarshe sai faston ya fito ya raba gardama, ya yi wa'azi, ya nuna wa kowa kuskurensa. Ni mai koyar da katikizim ne, na san daɗin irin wannan. Wace ikilisiya ce ba za ta yi murna ba ta ga bawan Allah a talabijin na gwamnati yana koya wa ƙasa duka gaskiya da riƙon amana? Iyayenmu sun yi alfahari da shi, har a gaban maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma suke cewa faston nan yana faɗin gaskiya.

Amma mu tambayi kanmu, laifin wa yake faɗi? Na akawu, na 'yar kasuwa, na miji mashayi. A waɗannan shekaru ne kalmar kalabule ta cika bakin mutane, wato cuwa-cuwar kaya da farashi. Sabulu da sukari da madara suka ɓace daga kanti. Kowa ya san cewa takardar izinin shigo da kaya daga manyan soja take fitowa, kowa ya san waɗanda ake ba. Gwamnatin da ta fara da shirin noma na Operation Feed Yourself, wanda ya yi amfani a shekarunsa na fari, ta ƙare cikin tsadar da ta wuce kashi 100 bisa ɗari a 1977. A akwatin kuwa wa'azi yana sauka ne a kan na ƙasa. Ban ce 'yan wasan miyagu ne ba, kuma sun yi habaicin da suka iya. Tasha ɗaya ce a ƙasar, ta gwamnati ce, mai rubutu ya san iyakar da in ya tsallake wasan ya mutu. Sai dai sakamakon shi ne, mai kallo yana tashi daga benci da tunanin cewa ciwon Ghana halin talakawanta ne.

Mu gwada wannan da labarin da ke cikin 2 Sama'ila sura 12. Annabi Natan ma wasan kwaikwayo ya yi. Ya zo wa Sarki Dawuda da labarin attajiri mai garke da matalauci mai 'yar tunkiya guda. Dawuda ya husata, ya yanke wa attajirin hukunci, yana jin daɗin adalcin kansa. Da Natan ya tsaya nan, da Dawuda ya sallame shi da kyauta, ya kuma gayyace shi mako mai zuwa ya sake ba da wani labari. Natan bai tsaya ba. Ya nuna wa sarki cewa shi ne attajirin, matar Uriya ce tunkiyar. Wasan talabijin na zamanin soja ya ƙware a kashi na fari na aikin Natan. Kashi na biyu ne aka hana shi.

Waɗanda suka yi kashi na biyu ba a talabijin suka yi ba. Lauyoyi da likitoci da ɗalibai ne suka yi yajin aiki a 1977. Majalisar Kirista da bishop-bishop na Katolika suka shiga tsakani, suka kuma yi magana a kan danniya. Acheampong ya fito da dabarar Union Government, wato gwamnatin haɗin gwiwa ta soja da 'yan sanda da farar hula ba tare da jam'iyyu ba. Har aka kawo wata mata daga Amurka mai suna Elizabeth Clare Prophet, ta kwatanta wannan tsari mai ƙafa uku da Triniti Mai Tsarki. A nan ma, kun gani, an ari rigar addini an yafa wa kujera. Ran 30 ga Maris 1978 aka yi ƙuri'ar raba gardama, alƙalin zaɓe Mai Shari'a I. K. Abban ya gudu ya ɓuya, aka sanar da sakamako ba tare da shi ba. A Yuli abokan Acheampong suka tuɓe shi. Ran 16 ga Yuni 1979 aka harbe shi a Teshie.

Jerry John Rawlings wani abu ne dabam, gama shi da kansa ɗan wasa ne da ba ya bukatar wani ya kwaikwaye shi. Ya zo ran 4 ga Yuni 1979, ya miƙa mulki ga Dokta Hilla Limann a Satumba, ya komo ya karɓe ran 31 ga Disamba 1981. Labaran yamma sun nuna shi cikin kakin matuƙin jirgi, yana kwasar datti a magudana, yana aiki tare da leburori, yana magana da mutane a bakin hanya. Saboda haruffan sunansa jama'a suka laƙaba masa Junior Jesus, wato ƙaramin Yesu. Da wahala ta yi tsanani, waɗansu suka juya shi Junior Judas. Dukan sunayen biyu daga Littafi Mai Tsarki aka ɗebo su, abin da ke nuna yadda Ghana take kallon shugabanta: ko mai ceto, ko mai cin amana, babu tsaka-tsaki, babu ma'aikaci da aka ɗauka aiki na ɗan lokaci.

Wasan da muka taso da shi a shekarun 1980 shi ne Obra, ma'ana rayuwa, tare da Grace Omaboe wadda kowa ya sani da Maame Dokono, da David Dontoh. Wasa ne mai daɗi, na gidan haya da talauci da rigimar aure, kuma ya fi kusa da rayuwarmu ta Zango, inda iyali goma suke raba famfo ɗaya. Amma a shekarun da ake nuna shi ne aka sace alƙalai uku na babbar kotu da wani tsohon manjo ran 30 ga Yuni 1982 aka kashe su. A Disamba 1985 aka rufe jaridar Catholic Standard. A 1989 aka yi dokar da ta ce kowace ƙungiyar addini ta yi rajista da gwamnati, manyan ikilisiyoyi suka ƙi. Farfesa Adu Boahen ya kira wannan zamani al'adar shiru a laccarsa ta 1988. Duk wannan bai leƙo cikin akwatin ba.

A nan zan ɗan ratse. In mutumin arewa ko na Zango ya bayyana a irin waɗannan wasanni, yawanci maigadi ne mai sanda da Tonanci karyayye, ko mai yankan nama, an kawo shi domin a yi dariya. Mun yi dariyar tare da kowa, amma yaron da ya girma yana ganin kansa maigadi kullum, ba ya saurin tunanin kujerar Osu Castle. Limann ɗan arewa ne, daga Gwollu, mai digirin digirgir daga Faransa. Wata 27 ya yi a mulki.

A Nijeriya ma haka abin ya kasance. Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi a Kaduna, ya sa an yi wa soja dariya a tsakiyar mulkin soja. Amma samanja ne, mai igiya a hannu, ba janar ba. An bar dariya ta hau har barikin ƙananan soja, daga nan ta tsaya.

Tsarin mulki na 1992 ne ya fara buɗe ƙofa. A 1993 jam'iyyar NPP ta kai GBC ƙara a Kotun Ƙoli, kotu ta ce gidan watsa labarai na ƙasa dole ya ba kowane ɓangare dama. A 1994 'yan sanda suka rufe Radio Eye da Charles Wereko-Brobby ya buɗe, amma ruwa ya riga ya ɓalle. TV3 ta fara a 1997. A tsakiyar shekarun 1990 aka farfaɗo da Concert Party a babban gidan wasa na ƙasa da Sin ta gina, kamfanin sabulun Key Soap yana ɗaukar nauyi. Nan aka ga Bishop Bob Okala da agogon bango ɗaure a hannunsa, da Nkomode, da Agya Koo wanda daga baya ya zama tauraron finafinan Kumasi. Ubangida ya canja, daga Castle ya koma kamfani, shi kuwa mai sayar da sabulu ba ya son ɓata wa ko wane mai saye rai. Sai a 2001, da gwamnatin John Agyekum Kufuor ta soke dokar da ke ɗaure mutum saboda ɓata sunan hukuma, masu barkwanci irin su Kwaku Sintim-Misa, wanda ake kira KSM, suka samu sarari su taɓa manya da sunansu. Mahaifinsa ya taɓa shugabantar ikilisiyar Presbyterian ta Ghana. Ɗan fasto na gaske ne ya ƙarasa abin da faston talabijin bai iya ba.

Yanzu da faifan tauraron ɗan Adam ya hau rufin kowane gida a Asawase da Aboabo, matasanmu suna kallon fadar shugaban Amurka a wasa. The West Wing, wanda aka yi daga 1999 zuwa 2006, ya nuna shugaba Bartlet, ɗan Katolika mai ilimi mai tsoron Allah. House of Cards, wanda ya fara a 2013, ya nuna Frank Underwood, maƙaryaci mai kisan kai da ya hau kujera ta makirci. Kun ga ƙaramin Yesu da ƙaramin Yahuza sun sake dawowa da Turanci. Ni a ganina dukansu suna da haɗari ga mai jefa ƙuri'a. Na fari yana sa mutum ya raina kowane shugaba na jini da tsoka domin bai kai na wasa ba. Na biyu yana koya masa cewa duk ɗaya ne, saboda haka ya karɓi kuɗin kowa ya zaɓi wanda ya fi biya. Kada wani ya ce wasa wasa ne. A Ukraine, Volodymyr Zelensky ya fito a matsayin malamin makaranta da ya zama shugaban ƙasa a wani wasan talabijin da ya fara a 2015. A Afrilu 2019 aka zaɓe shi shugaban ƙasa na gaske da kusan kashi 73 bisa ɗari.

Da Hausa, wanda ya fi kusa da wannan shi ne Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda ya fara a 2019, ana kuma kallonsa sosai a nan Zango. Ya nuna yadda ake sayen 'yan jarida, da asibitin da babu magani, da iyayen gida masu juya gwamna. Wannan ci gaba ne babba a kan zamanin Samanja. Duk da haka gwamna ne, Bawa Maikada, a wata jiha ta ƙage mai suna Alfawa. Ko a nan ba a kai ga kujerar ƙoli ba.

A Ghana 'yan wasa sun shiga siyasa da ƙafarsu. Agya Koo ya yi wa Nana Akufo-Addo yaƙin neman zaɓe a 2016. John Dumelo ya faɗi takarar majalisa a 2020, ya ci a 2024. Amma wasan siyasa mafi girma da ƙasar nan ta taɓa kallo ba wanda ya rubuta shi. Bayan zaɓen Disamba 2012, Akufo-Addo ya ƙalubalanci nasarar John Dramani Mahama a Kotun Ƙoli, kotu kuwa ta yarda a nuna zaman kai tsaye. Tun daga Afrilu 2013 teloli da masu aski da mata masu sayar da waake da shinkafa suka kafa ido a kan alƙalai tara, Mai Shari'a William Atuguba yana jagora. Aka ga Dokta Mahamudu Bawumia yana ba da shaida, Tsatsu Tsikata yana yi masa tambayoyi, shugaban hukumar zaɓe Kwadwo Afari-Gyan yana amsa tambaya a kan takardun sakamako ɗaya bayan ɗaya. Sunan shugaban ƙasa mai ci yana cikin jerin waɗanda ake ƙara, lauyoyi suna ambatarsa kamar na kowane mutum, a tashar nan da aka buɗe a 1965 domin a ɗaukaka mai mulki. Ran 29 ga Agusta 2013 kotu ta tabbatar da Mahama. A yammacin ranar Akufo-Addo ya fito a talabijin ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa, ya kuma sanar cewa ya riga ya kira Mahama a waya ya taya shi murna.